Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jihar Kaduna Kan Kwalejin St. John, Wadda Yau Ake Kira Rimi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon jama'ar da ya ɗora maka, ina rubuto wannan takarda ne da yawun wasu dattawa da muka yi karatu a makarantar nan ta Unguwar Rimi. Wasunmu sun shiga sun fita tana St. John's College a hannun limaman Katolika. Wasunmu kuma, har da ni, da wannan suna muka shiga, muka fita da sunan Rimi College. Akwai Kirista a cikinmu akwai Musulmi. Akwai Bajju da Atyap da Jaba da Gbagyi da Bahaushe, akwai Ibo haifaffen Kaduna wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen iyayensa. Ni Musulmi ne, malamin makaranta, na daɗe da yin ritaya. Ba Coci ce ta aiko mu ba, kuma ba da sunan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai muke magana ba, kada a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Yanzu mun fi haɗuwa a wurin jana'iza, kuma duk haɗuwa sai an ta da maganar nan, a yi tsaki, a watse. Shi ya sa muka ce gara a rubuta tun akwai shaidu a raye.

Maganar ita ce, an haura shekara 50 da gwamnati ta karɓe makarantar daga hannun waɗanda suka gina ta, kuma har yau zancen bai mutu ba, bai kuma warware ba. Shugabannin Katolika sun sha tayar da shi, gwamnatoci sun zo sun wuce, makarantar na nan inda aka ajiye ta a 1972.

Bari in ɗan koma baya, don da yawa daga masu karanta wannan takarda ba su san labarin ba, kuma ba laifinsu ba ne. Limaman SMA, ƙungiyar 'yan mishan ta Katolika wadda aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, sun kafa zangonsu a Shendam a 1907, daga nan aikinsu ya bazu. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka ba a sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Inda suka sami sarari shi ne kudancin lardin Zazzau, da unguwannin Sabon Gari, da kuma Kaduna, garin da reluwe da bariki da ofisoshin gwamnati suka tara mutane daga ko'ina. A 1949, zamanin da Fada John McCarthy ke jagorantar Katolika a Kaduna, wanda shi ne ya zama Akbishop na farko a 1959, limaman SMA 'yan ƙasar Ayilan suka buɗe St. John's. A wannan shekarar ce kuma kwalejin gwamnati, wadda aka kafa a Katsina a 1921 aka dawo da ita Kaduna a 1938, ta tattara ta koma Zariya, inda daga baya ta zama Barewa. Wato daidai lokacin da babban birnin Arewa ya yi ban kwana da babbar makarantarsa ta maza, su Fada suka buɗe ƙofar tasu. A Kakuri kuma sistoci ke riƙe da ta 'yan mata, Queen of Apostles.

Da me aka gina ta? Da kuɗin makaranta da iyaye ke biya, da baikon masu ibada na nan gida da na Ayilan, da kuma tallafin da gwamnati ke bai wa makarantun sa kai da suka cika sharuɗɗa. Na ambaci na ƙarshen nan da gangan, domin wasu daga cikin 'yan'uwana kan yi magana kamar babu kwabon gwamnati a ginin. Akwai. Amma tallafa wa mutum ya yi gini bai mai da ginin naka ba.

Bayan yaƙin basasa iskar karɓe makarantu ta kaɗa. Jihar Gabas ta Tsakiya ta fara a 1970. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari, ta yi nata. St. John's ta zama Rimi. Queen of Apostles ta zama Queen Amina. St. Paul's ta Anglika da ke Wusasa ta zama Kufena. Kuma ba Kirista kaɗai abin ya shafa ba: Sheikh Sabah College, da aka gina da taimakon Kuwait domin 'ya'yan Musulmi, ita ce Sardauna Memorial ta yau. Masu mulkin lokacin suna da hujjojinsu. Ƙasa ta fito daga yaƙi, ana neman a haɗa kan yara a ƙarƙashin manhaja ɗaya, malaman mishan da yawa ma suna son su dawo ƙarƙashin gwamnati don albashi da fansho. Ba mu zo mu yi wa matattu shari'a ba. Abin da ya rage a hannun rayayyu muka zo nema.

Kukanmu na farko a kan suna ne da tarihi. Ranka ya daɗe, Barewa ta canja gari sau biyu, ta canja suna fiye da haka, amma tambayi duk yaron da ke cikinta, zai ce maka makarantarsu ta faro ne daga Katsina a 1921, ya jero maka su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Gowon da Murtala. Haka ya kamata. To me ya sa in an zo kan Rimi sai a yi kamar daga sama ta faɗo? Tsaya a bakin titi ka tambayi samarin Kaduna ina St. John's College take, ka ga yadda za a yi ta kallon-kallo.

Wannan mantuwa tana da illa a zahiri. Wani yayanmu da ya gama kafin a canja suna ya je tantance 'yan fansho a wani ofis. Yaron da ke kan tebur, sa'an jikansa, ya ɗaga takardar shaidarsa ya duba gaba ya duba baya, ya latsa kwamfuta, ya ce, "Baba, babu makaranta mai wannan suna a Kaduna." Dattijon ya yi bayani, yaron ya ce shi ba bayani aka ce ya karɓa ba, takarda aka ce. Sai da ya je kotu ya yi rantsuwa cewa makarantar da ya yi shekarun ƙuruciyarsa a ciki ta taɓa wanzuwa. Ya ba mu labarin yana dariya, amma idonsa ya kaɗa. Kuma wannan takardar mutum ɗaya ce. Ina rajistar shiga ta 1949? Ina littafin da shugabannin makaranta ke rubuta abin da ya faru kullum, ina hotunan 'yan wasa, ina mujallun da ɗalibai suka rubuta? Takarda ba ta jiran kowa. Gara da ɗigon rufi da ma'aikacin da ke neman sarari a sito sun isa su share tarihin shekara 23 cikin damina ɗaya.

Kuka na biyu shi ne na mallaka. Coci ta daɗe tana cewa an karɓe makarantunta ba a biya ta diyya ba. Idan gwamnati na da takardar da ta nuna an biya, a fito da ita kowa ya huta. Idan babu, to bashi ne, kuma bashi ba ya ruɓewa don ya daɗe. Wasu jihohi sun fuskanci wannan magana ido da ido. A 2001 gwamnatin Bola Tinubu a Legas ta mayar da makarantu 48 ga masu su, har da St. Gregory's ta Katolika da makarantun ƙungiyoyin Musulmi irin su Ansar-Ud-Deen. A 2011 Peter Obi ya mayar da makarantun firamare 1,040 ga coci-coci a Anambra, gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai. Ba lallai Kaduna ta kwaikwayi Legas ko Anambra ba, don halinmu daban. Amma shiru ba matsaya ba ne. Shirun nan ne ke ba kowane mai neman tada zaune tsaye damar ɗaukar maganar ya hau mumbari ko bagade da ita, ya ƙara mata gishirin da ya ga dama.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai a matsayina na malami, don haka ka yi mini haƙuri in daɗe a kansa. Abin da aka rasa a 1972 ya wuce suna da takardar fili. Wani irin riƙon makaranta ne ya tafi.

A St. John's ƙararrawa ce sarki. Ita ke ta da mu da duhu-duhu, kowa ya share rabonsa, a yi wanka, a shiga aji. Bayan abincin rana a ɗan kishingiɗa, la'asar a fita fili ko a ɗauki langalanga a shiga ciyawa, dare a koma aji a yi bitar karatu shiru kamar babu mutane. Shugaban makaranta a cikin harabar yake kwana. Ba ya jiran rahoto, da tocila yake zagaya ɗakunan kwana, ya san wanda ke tari, ya san gadon da babu kowa a kai. In famfo ya lalace da safe, kafin yamma ka ga mai gyara, don mai yanke shawarar yana nan, kuɗin ma yana nan, ko da kaɗan ne.

Ɗakin gwaje-gwaje kuwa ba na ado ba ne. Ba na manta ranar da aka bar mu muka haɗa sinadari da hannunmu. Kwalba na gabana da ruwa mai launin hoda, ina buɗe bakin dogon bututun gilashi ina sakin asid ɗigo-ɗigo, hannuna na rawa, abokin zamana na raɗa mini in rage, in rage. Ɗigo ɗaya ya faɗa, launin ya ɓace ɗif, ruwan ya koma garau. Fada ya leƙo ta kafaɗata, ya duba lambar da na rubuta, ya ce in zubar in sake, don sau ɗaya sa'a ce. Wanda ya fasa kwalba kuwa shi da kansa zai rubuta sunansa a littafi, a cire a kuɗin ajiyarsa. A laburare kowane littafi da katinsa a bayan bango, in ka duba sai ka ga sunayen waɗanda suka ara kafin kai, wasu a lokacin har sun zama manyan ma'aikata. Ga ƙwallon ƙafa, ga tsere tsakanin gidaje, ga muhawara da wasan kwaikwayo. Yaron da ba ya iya ɗaga kai gaban mutane, kafin ya gama sai an tsayar da shi gaban makaranta ya kare ra'ayin da ma bai yarda da shi ba.

Bayan na zama malami na koyar a makarantun gwamnati daban-daban, ba zan kama suna ba. Na shiga ajin da yara suka haura ɗari, na baya a tsaye, wasu a kan taga. Na ga ɗakin gwaje-gwaje da aka mai da shi sito na karyayyun kujeru. Na zana wannan bututun gilashin a allo da alli ga yaran da za su rubuta jarrabawar kimiyya ba su taɓa riƙe shi ba, na ce su haddace cewa launi zai canja. Na ga shugaban makaranta mai kishi ya rubuta takardar neman kuɗin gilashin taga, fayil ya tafi hedikwata, kafin ya dawo an yi masa canjin wurin aiki. Malaman ba ragwaye ba ne, da yawansu sun fi mu ilimi a takarda. Tsarin ne ya raba mai ganin matsala da mai ikon gyara ta.

Ba zan yi wa gwamnati rashin adalci ba. Su Fada yara kaɗan suke ɗauka, sai wanda ya ci jarrabawar shiga, kuma iyaye na biya. Gwamnati kuwa, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, kowa nata ne, ba ta da ikon rufe ƙofa. Mai ciyar da goma ba ɗaya yake da mai ciyar da dubu ba. Mun kuma san an kashe kuɗi wajen gyaran wasu tsofaffin makarantun jihar nan a 'yan shekarun baya, Allah ya saka. Sai dai fenti da sabon kwano suna da wa'adi. In babu mai kwana a wurin yana jin makarantar tasa ce, mai amsa tambaya in ta lalace, bayan shekara biyar sai a sake ba da kwangila.

Na huɗu, fili. Duk ɗan Kaduna ya san abin da taku ɗaya na ƙasa ke kaiwa a Unguwar Rimi yau. Mun ga yadda a 2015 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta shiga ƙwato filayen makarantu, har aka rushe gidaje a filin Alhudahuda a Zariya, mutane suka yi kuka, wasu da kuɗin guminsu suka saya a hannun waɗanda ba su da ikon sayarwa. Ba ma son a kai ga haka a nan. Filin ƙwallo a idon dillali fegi ne da ba a yanka ba tukuna, kuma gwamnati mai kishi ba ta dawwama.

Akwai kuma abin da ya shafi garin kansa. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu. Yau za ka sami saurayi ya gama sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Mu ba haka muka tashi ba. In an kaɗa ƙararrawar addu'ar tsakar rana, abokanmu Katolika su tsaya cak inda suke, mu kuma mu yi shiru har su gama. In azumi ya zo su ne ke tsokanarmu da ƙamshin wake. Mun yi faɗa, mun yi dambe a bayan ɗakin kwana, amma a kan sabulu da ƙwallo. Wanda muka yi gado kusa da juna, Katolika ne daga kudancin jihar nan, shi ya fara isowa asibiti ranar da aka kwantar da uwargidana. Muna jin kana yawan maganar haɗin kan jihar nan, Ranka ya daɗe, muna kuma yi maka kyakkyawan zato. Makarantar da ke arewacin kogi, mai tushen Katolika, wadda 'ya'yan kowa ke shiga, wuri ne da za a gwada wannan magana a aikace.

Na san abin da za a ce, don a majalisarmu ma an faɗa.

Za a ce ai makarantar nan ce ta yaye Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966. Gaskiya ne, ya yi karatu a can, ba mu taɓa ɓoyewa ba, kuma ciwon ranar nan ya same mu kamar yadda ya sami kowane ɗan Arewa. Amma harbi a Sandhurst ta Ingila ya ƙware, ba a kuma daina tura hafsoshinmu can ba saboda shi. Marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya zauna a kujerar da kake kai daga 2010 har rasuwarsa a Disambar 2012, shi ma ta St. John's ya bi. In za a auna makaranta da ɗalibanta, a ɗora su duka a sikeli.

Za a ce za a juya wa 'ya'yan Musulmi addini. Wannan tsoro ba na raina shi, don a gidanmu na fara jin sa. Kakata ba ta yarda da shigata makarantar ba sam, kuma duk hutun da na dawo, kafin ta amsa gaisuwata sai ta ja wuyan rigata ta leƙa ko na rataya gicciye. Ba ta taɓa samu ba, ba ta kuma fasa dubawa ba. Ita ma tana da hujja: 'yan mishan ba su ɓoye cewa yaɗa addini na cikin abin da ya kawo su ba. Amma yau akwai doka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko halartar ibadar da iyayensa ba su amince da ita ba. A rubuta wannan ɓaro-ɓaro a duk yarjejeniyar da za a yi, da masallaci, da malamin addinin Musulunci, da suturar da ta dace, da wakilan iyaye Musulmi a hukumar gudanarwa masu ikon cewa a'a. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, manyanmu nawa ne yau ke bin layi suna neman wa 'ya'yansu gurbi a makarantun sistoci da na su Fada masu tsada, a Kano da Jos da Abuja? Abin da mai kuɗi ya yarda da shi ga ɗansa, kada a tsorata talaka da shi.

Za a ce kuɗin makaranta zai hana talaka shiga. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ni ma ina kanta. A Legas an yi kukan cewa wasu makarantun da aka mayar sun fi ƙarfin 'ya'yan unguwannin da suke ciki. A Oyo, da gwamnatin Abiola Ajimobi ta fito da shirin shigo da masu zaman kansu cikin riƙon wasu sakandare a 2016, ɗalibai da 'yan ƙwadago suka cika titunan Ibadan. Yaran da ke Rimi yau 'ya'yan direbobi ne da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata da marayu. Duk shirin da zai kore su don a gyara wa 'ya'yan manya wuri, mu ne za mu fara fitowa mu ƙi shi. Wannan kuma saƙo ne ga Coci ita ma, ta ji da kyau.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ka kira zama. A gayyaci Akbishop Matthew Man-Oso Ndagoso da mutanensa, da Anglika saboda Kufena, da Jama'atu Nasril Islam saboda tsohuwar Sheikh Sabah, da ƙungiyar malamai, da iyayen yaran da ke karatu yanzu, da tsofaffin ɗalibai na zamanin sunayen biyu. A yanka wa zaman wa'adi, kuma a buga rahotonsa kowa ya karanta, kada ya bi sahun rahotannin da ke kwance a kabad. A gaban wannan zama Ma'aikatar Ilimi ta kawo lissafin abin da aka karɓa a 1972, gini nawa, fili nawa, kaya nawa, da abin da ke nan yau, da abin da aka biya in an biya.

Shawararmu ga zaman, in za a saurare mu, riƙon haɗin gwiwa ne. Makaranta ta ci gaba da zama ta jama'a, gwamnati na biyan albashi, ba a ɗora wa iyaye kuɗin da ba sa biya yanzu, ba a kori malami ko ɗalibi ko ɗaya ba. Coci ta kawo shugaban makaranta da zai zauna a cikin harabar na tsawon shekarun da za a iya tambayarsa sakamako, a ba shi ikon kashe kuɗin gyara ba sai fayil ya je hedikwata ba, a kafa hukumar gudanarwa ta Musulmi da Kirista da za ta riƙa duba shi. A gwada na wasu shekaru a wannan makaranta ɗaya. In ya yi kyau a faɗaɗa, in bai yi ba kowa ya gani da idonsa, gardama ta ƙare. Wasu cikinmu sun fi son a mayar wa Coci kacokan, wasu na ganin a biya diyya kawai a rufe babin. Mun yi ta ja-in-ja, wannan ce matsayar da mafi yawanmu suka iya sa hannu a kai.

Akwai abubuwan da ba sa bukatar jiran kowane zama, sa hannunka ya isa. Ba mu ce a goge sunan Rimi ba, dubban mutane sun yi karatu da shi, su ma tarihinsu ne. A rubuta a allon ƙofa da kan takardun makaranta cewa ita ce tsohuwar St. John's College, an kafa ta a 1949. A yi wa Queen Amina da Kufena da Sardauna Memorial haka. A fitar da takardar sanarwa ga ofisoshin gwamnati mai jera tsofaffin sunaye da sababbi, don kada a sake tura dattijo kotu ya yi rantsuwa a kan abin da ke rubuce a kundin gwamnati. A tattara duk abin da ya rage na rajista da hotuna a ɗauke su a kwamfuta, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna. Limaman SMA suna da ma'ajiyarsu a birnin Cork na Ayilan, wasiƙa ɗaya daga ofishinka za ta iya buɗe ƙofar neman kwafin abin da suke da shi a kan makarantar. Mu ma akwai hotuna da takardu a akwatunanmu, za mu bayar in akwai inda za a adana su.

Sannan ka umarci KADGIS, hukumar kula da filaye ta jiha, ta auna filin makarantar kaf, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da takardar mallaka da sunan makaranta, a buga taswirar a fili. A kai wa Majalisar Dokoki ƙudurin da zai hana kowane gwamna ko kwamishina, na yanzu da na gobe, yanka ko da taku ɗaya na filin makaranta ba tare da amincewar majalisa a zaman da jama'a ke kallo ba.

A bainar jama'a muka yi tambaya, muna roƙon a ba mu amsa a bainar jama'a, ta bakinka ko ta bakin Kwamishinan Ilimi, kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu. In amsar a'a ce, a faɗi dalili.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon ɗalibi, malamin makaranta mai ritaya,
a madadin 'yan'uwansa,
Kaduna.